Darasi: Tafiya Daga Dodoma Zuwa Tsibirin Zanzibar

Ƙasar da hanyar

Dodoma ce babban birnin Tanzaniya. Tana tsakiyar ƙasar, a kan tudun da ya haura mita 1,000 daga bakin teku, wuri mai ƙarancin ruwan sama, mai duwatsu da itatuwan kuka da gonakin inabi. Zanzibar kuwa tarin tsibirai ne a Tekun Indiya, gabas da gaɓar ƙasar. Manyansu biyu ne, Unguja da Pemba. Idan mutum ya ce za shi Zanzibar, galibi Unguja yake nufi, domin a can birnin Zanzibar yake, tare da tashar jiragen ruwa da babban filin jirgin sama. Daga Dodoma zuwa Darussalam, birnin da ke bakin teku, tafiyar kusan kilomita 450 ce a ƙasa. Daga Darussalam zuwa birnin Zanzibar kuma kimanin kilomita 70 ne a ruwa. Babu gada tsakanin tsibirin da gaɓa, saboda haka matafiyi ba shi da zaɓi a zangon ƙarshe sai jirgin ruwa ko na sama.

A 1973 aka yanke shawarar mayar da babban birni Dodoma daga Darussalam, amma ƙaurar ta ɗauki shekaru masu yawa. Majalisar dokoki ta koma a 1996, ma'aikatun gwamnati kuma sai daga 2016, zamanin shugaba John Magufuli. Lamarin ya yi kama da ƙaurar Najeriya daga Legas zuwa Abuja a 1991: mulki ya koma tsakiya, amma tashar ruwa da kasuwanci da yawan jama'a sun zauna a tsohon birni. Wannan ne ya sa kusan duk wata hanya daga Dodoma zuwa Zanzibar sai ta ratsa Darussalam.

Tafiyar zango-zango ce, kuma kowane zango da abin hawansa, da lokacinsa, da kuɗinsa, da haɗarinsa. Ƙa'idar da ta fi kowace amfani ita ce a fara lissafi daga teku a dawo baya. Mota tana samuwa kusan kowane lokaci, amma jiragen ruwa masu sauri da rana suke tashi, na ƙarshe da la'asar. Wanda ya san lokacin tashin jirgin da yake son shiga, shi ne zai san ƙarfe nawa ya kamata ya bar Dodoma, da abin da ya kamata ya hau.

Hanyar a zamanin da

Tun kafin a kafa birnin Dodoma, ayarin fatake suna ratsa wannan yanki, ƙasar ƙabilar Gogo. A ƙarni na 19 babbar hanyar fatauci ta tashi daga Bagamoyo a bakin teku, ta bi ta Mpwapwa da Tabora har Ujiji a bakin Tafkin Tanganyika. 'Yan dako suna ɗauke da hauren giwa a ka, ana kora bayin da aka kamo, sarakunan Gogo kuma suna karɓar kuɗin fito a wurin duk ayarin da ya wuce ƙasarsu. Daga nan zuwa gaɓa tafiyar makonni ce a ƙafa. A Bagamoyo ake loda kaya da mutane cikin jiragen katako zuwa Zanzibar, wadda Sarkin Oman Sayyid Sa'id ya mayar da ita mazaunin sarautarsa wajen 1840. A 1873 aka rufe kasuwar bayi ta birnin.

Jamusawa, waɗanda suka mallaki gaɓar daga baya, sun fara shimfiɗa layin dogo daga Darussalam a 1905. Ya iso Dodoma a 1910, ya kai Kigoma a 1914. Tashar jirgin ce ta zama tushen garin Dodoma. A ranar 26 ga Afrilu, 1964, Tanganyika da Zanzibar suka haɗu suka zama ƙasa ɗaya, amma Zanzibar ta riƙe shugabanta da majalisarta da wasu dokokinta. Wannan tsari yana shafar matafiyi kai tsaye a wajen takardu, kamar yadda bayani zai zo.

Zangon farko: jirgin ƙasa

Hanya mafi sauri a ƙasa ita ce sabon jirgin ƙasa mai aiki da lantarki, wanda ake kira SGR, ƙarƙashin hukumar jiragen ƙasa ta Tanzaniya, TRC. Ya fara jigila tsakanin Darussalam da Morogoro a watan Yuni na 2024, ya kai Dodoma bayan 'yan makonni, shugaba Samia Suluhu Hassan, wadda ita kanta 'yar Zanzibar ce, ta ƙaddamar da shi ranar 1 ga Agusta na shekarar. Kamfanin Yapı Merkezi na ƙasar Turkiyya ne ya jagoranci ginin. Faɗin layin milimita 1,435 ne, daidai da na Abuja zuwa Kaduna, sai dai na Tanzaniya wutar lantarki yake ja daga wayoyin da ke samansa, ba man dizal ba. An gina shi don gudun kilomita 160 a awa ɗaya, kuma yana cinye tafiyar a cikin awa uku da rabi zuwa huɗu. Tsohon layin Jamusawa mai faɗin mita ɗaya yana nan a gefensa, amma tafiyarsa a hankali take ƙwarai.

Ana sayen tikiti ta intanet ko a tasha, kuma kowane tikiti yana ɗauke da sunan mai shi da lambar tarago da ta kujera. Lokacin da aka buɗe layin, kuɗin kujerar gama-gari daga Dodoma zuwa Darussalam shilin 31,000 ne, akwai kuma taragu masu tsada. Kujeru kan ƙare da wuri a ƙarshen mako da lokacin bukukuwa da lokacin zaman majalisa, don haka gara a saya kwanaki kafin tafiya. Tashar Dodoma tana nesa kaɗan da tsakiyar gari, ana kuma binciken kaya da na'ura kamar a filin jirgin sama. Jirgi ba ya jiran cikar fasinja yadda motar haya take yi. Idan lokaci ya yi, ƙofa ta rufe, shi ke nan.

Ta taga ana ganin yadda ƙasa ke sauyawa. Da farko jar ƙasa ce da ƙaya da kuka, da garken shanu jefi-jefi. Bayan Gulwe da Kidete hanya takan shiga tsakanin duwatsu, jirgi ya ratsa ramukan da aka fasa a cikin tsauni kafin Kilosa. Daga nan sai fadama da gonakin shinkafa da rake, har a hango tsaunukan Uluguru a bayan Morogoro. Da an wuce kogin Ruvu iska takan yi nauyi da laima, bishiyoyin kwakwa da mangwaro su fara yawa. Babbar fa'idar jirgin ita ce inda yake sauke mutum: tashar Darussalam tana tsakiyar birni, kusa da bakin ruwa, tazara kaɗan daga inda ake shiga jirgin Zanzibar.

Zangon farko: mota

Kafin 2024 manyan motocin safa ne suka riƙe wannan hanya, kuma har yanzu jama'a da yawa su suke hawa, musamman masu kaya da waɗanda za su sauka a ƙananan garuruwa. Titin kwalta ne tun daga Dodoma, ya bi ta Kibaigwa, garin da ya yi suna da kasuwar masara, da Gairo da Dumila, ya shiga Morogoro bayan kimanin kilomita 260. Daga Morogoro saura kusan 190, ta Chalinze da Mlandizi da Kibaha. Tafiyar kan ci awa takwas zuwa tara. Abin da ke ja mata lokaci shi ne manyan motocin dakon kaya da tankokin mai masu zuwa Zambiya da Kwango da Ruwanda da Burundi, da ma'aunin nauyi da ake tsayawa a kai, da dokar rage gudu a cikin garuruwa. Hukuma tana bibiyar gudun motocin fasinja da na'ura, direban da ya wuce ƙa'ida kuma tara yake biya.

Mota takan tsaya sau ɗaya ko biyu na 'yan mintoci, domin cin abinci da kama ruwa. Abincin hanya da aka fi sani shi ne soyayyen dankalin turawa da aka fasa wa ƙwai aka soya su tare kamar waina, ana zuba shi a takarda da yaji da tumatir. A wasu tashoshin masu talla kan ɗaga kwanduna zuwa tagogi, da gasasshiyar masara da ayaba da 'ya'yan kashu. Mai hankali yakan riƙe lambar motarsa a ka kafin ya sauka, domin motocin kamfani ɗaya launinsu ɗaya ne, kuma direba ba ya daɗewa.

Matsalar mota tana ƙarshen tafiya. Babbar tashar motocin nesa ta Darussalam, wadda aka sa wa sunan Magufuli aka buɗe a 2021, tana Mbezi, wajen kilomita 25 daga tsakiyar birni. Wanda ya bar Dodoma ƙarfe 6 na safe zai sauka a Mbezi wajen ƙarfe 2 ko 3 na rana, da sauran tafiyar awa guda ko fiye a cikin cunkoso kafin ya ga teku. Sau da yawa jirgin ƙarshe kan tashi ya bar shi, ya kwana a masauki, kuɗin da ya yi tattali a mota su tafi a kuɗin ɗaki. A 2023 gwamnati ta ɗage haramcin tafiyar dare da motocin fasinja suka daɗe a ƙarƙashinsa, saboda haka akwai motocin da ke kwana a hanya su iso da asuba, a kan lokacin jirgin safe. Tafiyar dare dai ta fi gajiyarwa, kuma ta fi dogara ga farkawar direba.

Ratsa Darussalam

A cikin birnin akwai ƙananan bas da ake kira daladala, akwai bajaji, wato irin a-daidaita-sahu, akwai bodaboda, wato acaɓa, akwai tasi. Akwai kuma dogayen bas masu titinsu na kansu a tsakiyar hanya, waɗanda suka fara aiki a 2016 daga Kimara zuwa Kivukoni. Su ne suka fi tsere wa cunkoso, amma sukan cika maƙil safe da yamma, mai babbar jaka zai sha wuya. Da bajaji da tasi ana yin ciniki kafin a shiga.

Abu biyu kan rikita baƙo. Na farko, a Tanzaniya motoci ta hagu suke bi, saɓanin Najeriya da Nijar, don haka mai tsallaka titi dama zai fara dubawa. Na biyu, a Kivukoni akwai jirgin fito, amma wannan Kigamboni yake kai mutane, unguwar da ke ƙetaren mashigin tashar ruwa. Jiragen Zanzibar daga wani wuri dabam suke tashi, a titin Sokoine, daura da babbar majami'ar St. Joseph.

Akwai kuma batun ƙidayar lokaci. Masu magana da Swahili daga ƙarfe 6 na safe suke fara ƙirga awannin rana. Abin da suke kira awa ta ɗaya shi ne ƙarfe 7 na safe, awa ta shida ita ce 12 na rana, awa ta goma kuma ƙarfe 4 na yamma. Idan ɗan gari ya ce jirgi zai tashi a awa ta goma, baƙo ya ɗauka goman dare ake nufi, to zai iske tasha a rufe. Abin da aka buga a kan tikiti shi ne abin bi, idan kuma an faɗi lokaci da baki, sai a tambaya a tabbatar. Mai tambaya ba ya ɓata. Agogon Tanzaniya yana gaban na Najeriya da Nijar da awa biyu.

Zango na biyu: jirgin ruwa

Yawancin masu ƙetarawa jiragen ruwa masu sauri suke shiga, irin masu gindi biyu, waɗanda ba sa tangaɗi kamar mai gindi ɗaya. Kamfanin da ya fi yawan jirage a hanyar shi ne Azam Marine, mai jiragen da ake kira Kilimanjaro. Kowane jirgi yana ɗaukar ɗaruruwan mutane, yana ƙetarawa a cikin kimanin awa biyu, kuma ana tashi sau da yawa a rana daga sassafe zuwa la'asar. Akwai ajin gama-gari da azuzuwa masu tsada. 'Yan ƙasa da shilin suke biya, baƙi kuma farashinsu dabam ne, ya fi yawa. Akwai manyan jiragen da ke ɗaukar motoci da kayan kasuwa tare da fasinja, masu araha amma masu jinkiri.

Ƙofar tashar cike take da 'yan kamasho da 'yan dako. Wani zai ce ofis ya rufe, wani ya ce kujeru sun ƙare sai ta hannunsa, wani ya sungumi jaka kafin mai ita ya yi magana. Maganin wannan shi ne a sayi tikiti ta intanet ko a tagar kamfanin kanta, a nuna fasfo ko katin shaida, a duba suna da rana da lokaci kafin a bar wurin. Ɗan dako kuma a yi ciniki da shi tun kaya suna ƙasa. Ana so a iso awa guda kafin tashi. Manyan jakunkuna a cikin kekunan ƙarfe ake tara su a tura cikin jirgi, saboda haka kuɗi da takardu da waya da magani su kasance a ƙaramar jakar hannu.

Jirgi kan fita daga mashigin a hankali, ya wuce kasuwar kifi da kwale-kwalen masunta, sannan ya ƙara wuta. Da an shiga tsakiyar ruwa ake gane halin teku a ranar. Ma'aikata kan raba jakunkunan amai idan ruwa ya yi ƙarfi. Wanda bai saba ba zai iya jin jiri da tashin zuciya, kuma abin da ke rage shi shi ne cin abinci kaɗan marar maiƙo, da zama a tsakiyar jirgi ko ta baya, da kallon inda sama ta haɗu da ruwa maimakon kallon waya. Akwai ƙwayar maganin jiri da ake sha kafin a shiga. Kusa da isa ana wuce ƙaramin tsibirin Chumbe mai doguwar hasumiyar fitila, sannan fararen gine-ginen birnin su bayyana: tsohuwar ganuwa, da fadar sarakuna, da Baitul Aja'ib wanda Sarki Barghash ya gina a 1883. Jirgi yana tsayawa a unguwar Malindi.

Iska da damina

Halin tekun yana bin iskoki biyu. Daga wajen Disamba zuwa Maris iskar Kaskazi ke busowa daga arewa maso gabas. Daga wajen Afrilu zuwa Satumba iskar Kusi ke busowa daga kudu, kuma ta fi ƙarfi, ita ce ke tayar da igiyar ruwa musamman a watannin Yuni zuwa Agusta. Waɗannan iskoki ne suka gina arzikin Zanzibar. Jiragen katako masu tafiya da babban ƙyalle sukan zo daga Oman da Yaman da Farisa da Indiya tare da iskar Kaskazi, su yi ciniki, su jira Kusi ta mayar da su gida. Har yau irin waɗannan jirage suna dakon gawayi da siminti da katako tsakanin gaɓa da tsibirin, ana kuma sassaƙa su da hannu a Nungwi. Na kaya ne da kamun kifi, bai kamata fasinja ya ƙetare teku a cikinsu ba.

Damina biyu ce a shekara. Babbar, Masika, daga Maris zuwa Mayu take, ƙaramar, Vuli, wajen Nuwamba. A Masika ruwa kan yi kwanaki yana zuba, hanyoyin ƙauye su lalace, wasu masaukai su rufe. A kowane lokaci na shekara teku ta fi kwanciya da safe, saboda haka mai tafiya da yara ko tsofaffi jirgin safe ya fi dacewa da shi.

Tsaron rai a ruwa

Wannan teku ta ci rayuka da yawa, kuma galibi sakacin mutane ne sanadi. A daren 10 ga Satumba, 2011, jirgin Spice Islander ya nutse tsakanin Unguja da Pemba, an loda masa mutane da kaya fiye da ƙima. An tsamo gawa sama da 200, wasu ɗaruruwa kuma ba a gan su ba. A ranar 18 ga Yuli, 2012, jirgin Skagit, wanda ya taso daga Darussalam, ya kife kusa da Chumbe cikin iska mai ƙarfi, mutane fiye da 100 suka rasu ko suka ɓace. Bayan waɗannan masifu aka tsaurara rubuta sunayen fasinja da ƙayyade yawansu.

Darasin a fili yake, kuma ya shafi duk mai shiga jirgin ruwa, ko a Tekun Indiya ko a kogin Neja da Binuwai da Tafkin Cadi, inda lodi fiye da ƙima da rashin rigar ceto suke hallaka mutane shekara bayan shekara. Kada a shiga jirgin da aka ga ya cika ya wuce misali ko ya karkata tun yana tasha. Kada a karɓi tikitin da babu suna a kai. Da an zauna a duba inda rigunan ceto suke da ƙofar fita mafi kusa, a saurari bayanin ma'aikata. Idan an soke tashi saboda iska, a yi haƙuri a kwana. Asarar kwana ɗaya ana mayar da ita, rai kuwa ba a mayar da shi.

Hanyar sama

Mai gaggawa yana iya yin duk tafiyar ta sama. Daga filin jirgin Dodoma zuwa filin Julius Nyerere na Darussalam kimanin awa ɗaya ce, kamfanonin Air Tanzania da Precision Air suna cikin masu jigila. Daga Darussalam zuwa filin Abeid Amani Karume na Zanzibar kuwa minti 20 ne ko ƙasa da haka, ta yadda jirgi bai gama hawa ba zai fara sauka. Ƙananan jirage masu ɗaukar mutum goma sha wani abu suna zirga-zirga a wannan hanya duk rana, amma sun ƙayyade nauyin kaya sosai, abin da ya haura kuma biya ake yi. Filin Darussalam yana da gine-ginen tashi fiye da ɗaya, don haka a tabbatar da wanda jirgi zai tashi daga cikinsa. Hanyar sama ta fi kowace tsada, kuma idan aka haɗa da zuwa fili da wuri da jira tsakanin jirage biyu, ratar da ke tsakaninta da jirgin ƙasa da na ruwa ba ta kai yadda ake zato ba.

Takardu da dokoki

Ko da yake ƙasa ɗaya ce, baƙo yakan bi ta hannun jami'an shige da fice idan ya sauka a Zanzibar, ya cika takarda ya nuna fasfo. Bizar Tanzaniya ita ce ke aiki a tsibirin, kuma 'yan wasu ƙasashe sai sun nema an amince musu tun kafin su baro gida. Wanda ya fito daga ƙasar da ake samun zazzaɓin shawara, kamar Najeriya da Nijar da Gana da Kamaru, ana neman katin rigakafinsa, jami'an Zanzibar kuma suna duba shi. Tun 1 ga Oktoba, 2024, gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorar tafiya daga kamfanin inshorarta, wadda aka sa wa farashin dala 44. An haramta ledar zuba kaya a duk ƙasar tun 2019. Akwai zazzaɓin cizon sauro a gaɓar teku, gidan sauro da magani suna da amfani.

Zango na uku: cikin tsibiri

Daga tashar Malindi ƙafa kan kai mutum tsohon gari, wanda ake kira Stone Town, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Lungunansa ƙunci gare su, mota ba ta shiga yawancinsu, kaya a amalanke ake tura su. An gina gidajen da dutsen murjani da farar ƙasa, ƙofofinsu na katako ne masu sassaƙa, wasu da ƙusoshin tagulla, wasu da ayoyin Alƙur'ani a samansu. Da magariba masu gashin kifi da matsar rake kan cika lambun Forodhani a bakin ruwa.

Tsawon Unguja kimanin kilomita 85 ne. Daladala suna zuwa ko'ina daga birnin, kowace da lambar hanyarta, kuma wasunsu motocin a-kori-kura ne da aka yi wa rufi da benci biyu, fasinja suna fuskantar juna, buhunan kaya da kekuna a sama. Zuwa Nungwi a ƙarshen arewa kusan kilomita 60 ne. Hanyar Paje a gabas tana ratsa dajin Jozani, mazaunin wani jan biri da ba a samun irinsa a wajen Zanzibar. A Kizimkazi, can kudu, akwai masallacin da ke ɗauke da rubutun shekara ta 500 bayan Hijira, wato 1107. A gabashin tsibirin teku kan janye nesa sau biyu a yini, mata su shiga gonakinsu na ciyawar teku, kwale-kwale su zauna a kan yashi har ruwa ya dawo. Mai shirin fita da ƙaramin jirgi sai ya tambayi lokacin cikar ruwa. Wanda zai wuce Pemba, tsibirin da ya fi noman kanumfari, zai ƙara awanni a jirgin ruwa zuwa Mkoani, ko kimanin rabin awa ta sama zuwa Chake Chake.

Jama'ar Zanzibar sun kusa miliyan 1.9 a ƙidayar 2022, mafi yawansu Musulmi ne. Suna son baƙo ya yi sutura ta mutunci a gari da ƙauye, ya yi sallama, ya nemi izini kafin ya ɗauki hoton mutum, kada kuma ya ci abinci a bainar jama'a da rana a watan azumi.

Zaɓin hanya

Mai son isa a rana ɗaya ba tare da kashe kuɗi da yawa ba, jirgin ƙasa na safe da jirgin ruwa na rana su ne haɗin da ya fi dacewa: awa uku da rabi a dogo, awa biyu a ruwa, da awa ɗaya ko biyu a tsakani. Mai kaya da yawa ko mai sauka a hanya mota ce tasa, amma ya sa kwana ɗaya a Darussalam cikin lissafinsa. Mai gaggawa, ko marar lafiyar da ba zai jure igiyar ruwa ba, ya bi sama. Kowace hanya aka zaɓa, a bar rata tsakanin zango da zango, a ware kuɗin ko-ta-kwana na masauki da abinci, a riƙe takardu a jiki, a kuma shirya dawowa da irin wannan lissafi, domin jirgin ruwan da ya baro Zanzibar da la'asar zai iya isowa bayan jirgin ƙasan da ake so ya tashi.

Tambayoyi

1. Me ya sa hanyar Dodoma zuwa Zanzibar take ratsa Darussalam?
2. A kwatanta jirgin ƙasa da motar safa ta fuskar lokaci da wurin sauka.
3. Idan ɗan gari ya ce jirgi zai tashi a awa ta uku da safe, ƙarfe nawa ke nan a agogon da aka saba da shi?
4. A bayyana iskokin Kaskazi da Kusi, da yadda suke shafar tafiyar ruwa.
5. A kawo matakai huɗu na tsaron rai ga mai shiga jirgin ruwa.
6. Matafiyi ya bar Dodoma a jirgin ƙasa ƙarfe 6 na safe, ya yi awa huɗu a hanya, ya jira awa biyu da rabi, ya yi awa biyu a ruwa. Ƙarfe nawa zai sauka a Zanzibar?